Daga Sikeli Zuwa Bakin Gulbi: Ra'ayi Kan Masu Fatsar Ingila da ke Barin Gasa Su Koma Kamun Kifin Hunturu

Gabatarwa

A ƙasar Hausa su sana'a ce. Wanda ya ɗauki koma ko fatsa ya nufi gulbi, abin miya ya fita nema ko abin kai wa kasuwa, kuma ba mai tambayarsa dalili. A Ingila kuwa akwai dubban ɗaruruwan mutane da ke yankar lasisi kowace shekara domin su kama kifin da ba za su ci ba kuma ba za su sayar ba: su kama shi da fatsa, su cire masa ƙugiya, su mayar da shi ruwa da ransa. Ana iya kasa waɗannan mutane gida uku. Akwai ƴan gasa, waɗanda ake auna kamunsu a kan sikeli a fitar da gwani. Akwai masu farautar ƙaton kifi guda, waɗanda kan kwana a bakin ruwa suna dakon wanda ya fi saura girma. Sa'an nan akwai masu kamun nishaɗi, waɗanda ba su da abokin karawa, ba su kuma da alƙali.

Wannan rubutu ya shafi mutumin da ya shafe shekaru a gida na farko, daga baya ya tattara ya koma gida na uku, kuma ya fi son fita a lokacin hunturu, lokacin da kifi ya fi wuyar kamu. Abokan gasarsa sukan ce ya gaji, ko tsufa ya cim masa, ko kuwa ya ga ba ya ci ne ya zame jiki. A nawa ganin wannan hukunci bai yi masa adalci ba. Gasa takan horar da hannu, amma sanin ruwa sai wanda ya zauna da shi a lokacin tsananinsa. Kuma a halin da gulaben Ingila ke ciki a yau, mutumin da ke zaune a bakinsu cikin sanyi yana lura ya fi yi musu amfani a kan wanda ya cika raga da kifi a tafkin haya.

Kafin a yi nisa, mai karatu ya lura cewa kalmar hunturu aron aiki muka ba ta. Hunturunmu busasshe ne, na iska da ƙura da hazo. Nasu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, jiƙaƙƙe ne: ruwan sama, da raɓa mai daskarewa, wani lokaci da dusar ƙanƙara, ga kuma gajartar yini, domin a tsakiyar Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi a Landan.

Yadda Gasar Take

Gasar fatsa a Ingila ta talakawa ce tun asali. A ƙarni na 19 kifayen da ake gani da daraja, wato salmon da tirawut, suna cikin ruwayen masu ƙasa da masu kuɗi. Sauran kifayen ruwan daɗi, waɗanda manya ke yi wa kallon raini, su aka bar wa ma'aikatan masana'antu na garuruwa irin su Shefil da Bamingam. Da jirgin ƙasa ya sauƙaƙa tafiya, sai waɗannan ma'aikata suka riƙa kafa ƙungiyoyi, ranar hutu su cika taragu su nufi Kogin Tirent ko Kogin Witam, su jeru a gaɓa, kowa ya zuba ɗan kuɗi, wanda ya fi kamu ya kwashe. Muryarsu ta yi ƙarfin da har ɗan majalisar Shefil, A. J. Mundella, ya jagoranci dokar 1878 wadda ta hana kama irin waɗannan kifaye a lokacin da suke zuba ƙwai. Har gobe wannan hani yana aiki a kogunan Ingila, daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni. A 1903 aka kafa tarayyar ƙungiyoyin masu fatsa ta ƙasa, a 1906 kuma aka yi gasar ƙasa ta farko a Kogin Tems.

Tsarin gasar bai sauya sosai ba tun daga nan. Akan auna gaɓa a kafa turaku masu lamba, da tazara daidai a tsakaninsu. Kowa ya sa hannu cikin jaka ya zaro lamba, kuma inda ƙuri'a ta jefa shi nan zai zauna, ba shi da ikon gusawa. A busa usur a fara. Bayan sa'o'i biyar, a mafi yawan gasanni, a sake busawa kowa ya ɗaga sandarsa. Abin da mutum ya kama yana nan da ransa cikin wata doguwar raga da ke nutse a ruwa. Masu sikeli su bi turke-turke suna aunawa, suna rubutawa, suna juye kifin cikin ruwa. Wanda jimillar kamunsa ta fi nauyi shi ne zakara.

Mai karatu zai iya tuna Argungu ta jihar Kabi a Nijeriya, inda tun 1934 masunta ke rugawa cikin Matan Fada da homa da gora. Bambancin a fili yake: a Argungu kifi guda mafi girma ke cin gasa, kuma masunci yana bin kifi duk inda ya hango shi cikin ruwan, a Ingila jimilla ake aunawa, kuma mutum ɗaure yake a turkensa. Wannan ɗauri shi ne tushen mafi yawan abin da za a faɗa a gaba.

Gasar ta haifi gwanayen da duniya ta shaida. Billy Lane shi ne ɗan Ingila na farko da ya ci kambun duniya, a 1963. Bob Nudd ya ci sau huɗu tsakanin 1990 da 1999, Alan Scotthorne kuwa sau biyar tsakanin 1996 da 2007. A 1994 aka fara nuna gasar Fish O'Mania a talabijin, kuma kyautarta ta taɓa kaiwa fam 50,000. Saboda haka wanda ya bar wannan fage ya bar abin da ke da suna da kuɗi da tarihi.

Abin da Gasa ke Bayarwa da Abin da Take Ƙwacewa

Ba za a yi wa gasa adalci ba sai an faɗi alherinta. Ɗan gasa ya san auna zurfin ruwan da ke gabansa har zuwa faɗin yatsa. Ya san daidaita ƴar alamar nan mai yawo a kan ruwa, irin wadda yara ke yi da totuwar kara, wadda za mu ci gaba da kiranta totuwa, ta yadda ɗan tsininta kawai zai rage a sama, kifi na taɓa ƙugiya ta nutse. Ya san watsa abinci kaɗan-kaɗan a kai a kai, domin ya tara kifi a gabansa ba tare da ya ƙosar da su ba. Ya san lokacin da zai sauya zare ya sa mafi siranta, da lokacin da zai rage girman ƙugiya. Duk wannan tsoron faɗuwa ne ya koya masa, domin sikeli ba ya kara, kuma na turken dama da na turken hagu suna kallo.

Sai dai kuma akwai abubuwa uku da gasa ke ƙwace wa mutum. Na farko shi ne zaɓin wuri, domin ƙuri'a ta riga ta zaɓa masa. Na biyu shi ne zaɓin lokaci: gasa a tsakiyar yini ake yin ta, kuma a lokacin sanyi sau da yawa akan busa usur ɗin tashi daidai sa'ar da kifi ke shirin fara ci, wato gab da faɗuwar rana. Na uku shi ne zaɓin kifi, domin a wajen sikeli kilo guda na ƙananan kifi ɗari daidai yake da kilo guda na kifi ɗaya da ya shekara goma yana tsere wa ƙugiya.

Sakamakon haka, ɗan gasa yakan shekara ashirin yana yi wa kansa tambaya guda: yaya zan fi na kusa da ni daga wannan turke? Tambaya ce mai wuya, kuma amsa ta gwaninta ce. Amma akwai wata tambayar da tsarin gasa bai ba shi damar yi ba: ina kifi yake yau a duk tsawon wannan gulbi, kuma me ya kai shi can? Amsar wannan tambaya ta biyu ita ce ilimin ruwa, kuma ita ce mai kamun hunturu ke fita nema.

Daga Gulbi Zuwa Tafkin Haya

Akwai wani sauyi da ya ƙara wa wannan magana nauyi. Har zuwa shekarun 1970 da 1980, manyan gasanni a koguna ake yin su, ɗaruruwan mutane jere a gaɓar Tirent ko Seban ko Witam. Daga shekarun 1990 sai gasa ta fara ƙaura zuwa tafkunan da aka haƙa don kasuwanci, waɗanda ake biyan kuɗin yini a shiga. A 1995 aka ɗage dokar hutun kamu daga mafi yawan tafkuna, sai ya zama ana iya gasa a cikinsu duk shekara. Masu tafkunan suka maƙare su da kifin kaf, wanda ke da saurin girma da yawan ci, da wani ruwa-biyunsa da ake kira F1, wanda ko cikin sanyi ba ya daina ci. Mutum ya ajiye mota a bayan turkensa, ga wurin shan shayi, ga makewayi. A lokacin zafi ba abin mamaki ba ne mutum ya auna fiye da kilo 50 cikin sa'o'i biyar.

A daidai wannan lokaci koguna suka ƙara wuya. Tashoshin lantarki masu aiki da kwal da ke gaɓar Tirent, waɗanda ruwan da suke mayarwa ke ɗumama kogin, sun yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wani baƙin tsuntsu mai nutso da suke kira komorant ya yawaita a ruwayen cikin ƙasa, kuma masu fatsa suna ɗora masa alhakin raguwar ƙananan kifaye. Kayan gasa su ma suka yi yawa da nauyi: sandar zamani takan kai mita 16, kuɗinta yakan kai dubban fam, ga akwatin zama, ga bokitan abinci, har sai an tura da amalanke. Wanda ke da irin wannan kaya ba zai so takawar kilomita guda cikin taɓo ba.

Ban ga laifin wanda ya zaɓi tafkin haya ba, musamman tsoho ko mai lalurar ƙafa, wanda in ba don tafkin ba da ya ajiye fatsa gaba ɗaya. Amma Bahaushe ya ce kifin fadama ba ya gasa da na gulbi. Tafki ba ya kawo ambaliya, ba ya janyewa, ba ya sauya hanya. Kifinsa a ƙirge yake, kuma abincin da ɗan Adam ke watsa masa shi ya sani. Ilimin da ake samu a can ilimin tafkin ne kaɗai. Abin da ya biyo baya shi ne dogayen gaɓoɓin koguna da a da ke cika da mutane kowace Lahadi, yanzu sai a yi tafiya mai nisa ba a ga mai fatsa ko ɗaya ba.

Hunturu da Halin Kifi

Kifi ba ya riƙe ɗumin jikinsa kamar mutum. Zafin jikinsa na ruwan da yake ciki ne. Idan zafin ruwa ya sauka da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas, aikin jikin kifi yakan ragu da kusan rabi. Narkar da abinci takan yi jinkiri, yunwa ta ragu, motsi ya ragu. Kifin da a watan Yuli zai yini yana ci, a watan Janairu mai yiwuwa rabin sa'a ce kawai zai buɗe baki. Bugu da ƙari, kifaye sukan bar wuraren da suka warwatsu su taru a ƴan wurare kaɗan: inda ruwa ke da zurfi da kwanciya, ƙarƙashin gadoji, tsakanin jiragen ruwan da aka ɗaure, da cikin gari inda gine-gine ke kare iska kuma zirga-zirgar mutane ke korar tsuntsaye masu cin kifi. Shi ya sa garin Herefod da ke kan Kogin Wayi, da garin Mac da ke kan tsohuwar hanyar Kogin Nen, suka yi suna wajen kamun hunturu. Ma'anar wannan ita ce, a lokacin sanyi mafi yawan tsawon kogi fanko ne. Wanda ƙuri'a ta ɗaure a wurin da ba kifi, ko shi ne zakaran duniya haka zai tashi da raga busasshiya. Wanda ke da ƴancin tafiya kuwa sai ya nemo.

Neman nan karatu ne mai dokoki. Yawan sanyin ruwa yana da tasiri, amma inda ya dosa ya fi tasiri: ruwan da ke digiri 5 yana hawa ya fi wanda ke digiri 7 yana sauka. Iskar kudu maso yamma mai ɗauke da ruwan sama takan ɗumama kogi, ta ɗaga shi, ta gurɓata launinsa. Idan ya fara janyewa yana washewa, launinsa bai gama fita ba, wannan ita ce ranar da ake jira. Ruwan narkakkiyar dusar ƙanƙara kuwa, mai tafe da gishirin da ake watsa wa tituna, yakan rufe bakin kifi ruf. Idan aka yi kwanaki ana sanyi iri ɗaya ba sauyi, kifi yakan saba ya koma ci. A ranar da ruwa ya yi garau kuma rana ta fito tar, sai gab da magariba ake sa rai.

Kowane kifi kuma da halinsa. Akwai roci, mai jikin azurfa da jajayen fukafukai, wanda mai laba 2, wato kimanin giram 900, shi ne burin rayuwar mai fatsa da yawa, domin mafi girman da aka taɓa tabbatarwa a Birtaniya bai kai kilo 2 ba. Akwai cabu, mai faɗin baki, wanda ke laɓewa ƙarƙashin rassan da suka sunkuyo kan ruwa, kuma ba ya ƙin burodi ko curin cuku ko da gaɓa ta daskare. Akwai girelin, mai doguwar tuta a gadon baya, wanda ke son ruwa mai tsabta da gudu, kuma shi ne ya fi kowane kifi ci a ranar tsananin sanyi. Saboda shi ne wasu sassan kogunan Tes da Icin, waɗanda a lokacin zafi sai mai hannu da shuni ke iya biyan kuɗinsu, kan buɗe wa talaka da sauƙin farashi a lokacin hunturu. Akwai kuma fayik, mafarauci mai haƙora, wanda a al'adance daga 1 ga Oktoba ake fara nemansa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: lokacin da kifi ya yi ƙaranci ne ake gane wanda ya san ruwa.

Abin Yarwa da Abin Riƙewa

Tsohon ɗan gasa yana shiga wannan fage da jari mai yawa, amma sai ya rage kaya kafin jarin ya yi masa amfani. Amalanke da akwati su zauna a gida. Sanda ɗaya, da ƙaramar jaka, da ragar ɗauko kifi, da ma'aunin zafin ruwa, da burodi ko ƴan tsutsotsi sun wadatar, domin wanda zai gwada wuri shida a yini ɗaya dole ya iya ɗaukar kayansa a hannu guda. Doguwar ragar ajiya ma ba ta da sauran aiki tunda ba mai zuwa aunawa. Hannun da ya saba watsa abinci da yawa sai ya koyi rowa, domin a ruwan sanyi cikin tafin hannu guda na iya ƙosar da garken kifi duka. Sa'o'i biyar ɗin nan ma ba wajibi ba ne. Mutum ya fita bayan azahar ya dawo da duhu, sa'o'i biyu ko uku da aka zaɓa da kyau sun fi yini guda da aka zauna a banza.

Abin da zai riƙe shi ne laushin hannu. Kifin hunturu a hankali yake taɓa ƙugiya, wani lokaci totuwa ba ta nutsewa, ɗan tsayawa kawai take yi a cikin tafiyarta. Idon da gasa ta wasa shi ne ke ganin wannan. Nan ne ake gane cewa shekarun gasa ba su tafi a banza ba.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata a ambata. Wani yakan bar gasa amma gasa ba ta bar shi ba. Sai ka ga ya koma yana auna kowane kifi, yana ɗora hotonsa a Facebook, yana ƙirga masu yabo, yana jin zafi in wani ya kama wanda ya fi nasa. Wannan turke kawai ya sauya, har yanzu a ɗaure yake.

Hujjojin Masu Suka

Masu sukar wannan ƙaura suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Ta farko ita ce gasa zumunci ce. Ana haɗuwa da safe wajen ƙuri'a, ana ba'a, ana taya juna ɗaukar kaya, kuma ga dattijon da ya bar aiki mai yiwuwa wannan ce kaɗai ranar da yake hira da mutane a mako. Ƙungiyoyin ma da kuɗin mambobi suke biyan hayar gaɓa, domin a Ingila haƙƙin kamu a mafi yawan koguna mallakar wani ne. Amsa ita ce barin gasa daban, barin ƙungiya daban. Mutum na iya ci gaba da biyan kuɗinsa, ya fito ranar gyaran gaɓa, ya riƙe sikeli ga masu gasa, ya zauna kusa da yaro ya nuna masa yadda ake daidaita totuwa.

Ta biyu ita ce wanda ba shi da sikeli yana iya ruɗin kansa, ya kira kasawa nishaɗi. Amma a duba da kyau. Ɗan gasa in ya faɗi yana da abin ɗora wa laifi, wato ƙuri'a. Mai kamun nishaɗi shi ya zaɓi kogi, shi ya zaɓi rana, shi ya zaɓi wuri. In ya dawo hannu rabbana ba shi da wanda zai zarga. Idan kuma ya riƙe ɗan littafi yana rubuta kwanan wata, da zafin ruwa, da tsayinsa, da launinsa, da inda iska ta fito, da abin da ya kama, to bayan hunturu uku littafin zai zame masa alƙalin da ya fi sikeli tsanani. Zancen ci baya kuwa, tarihi bai goyi bayansa ba: littafin Izaak Walton na 1653, wanda ya gabatar da fatsa a matsayin hutun mai tunani, ya girmi gasar ƙasa ta farko da fiye da shekara 250.

Ta uku ita ce haɗari, kuma wannan gaskiya ce tsantsa. Gaɓa takan yi santsi, kogi mai ambaliya yakan cinye ƙasar da mutum ke tsaye a kai, kuma wanda ya faɗa ruwa mai irin wannan sanyi numfashinsa na iya ƙwace masa nan take. A gasa akwai mutum a dama da hagu; mai fita shi kaɗai ba shi da kowa. Maganin abin shi ne a fita mutum biyu, ko a faɗa wa na gida inda aka nufa da lokacin dawowa, a kuma ƙyale kogi ranar da ya fusata.

Ta huɗu ita ce wadda na san ta fi damun mai karatu Bahaushe: mene ne hujjar soka wa kifi ƙugiya in ba ci za a yi ba? Tambayar ba tamu ce mu kaɗai ba. A Jamus dokar kare dabbobi ba ta yarda a wahalar da dabba ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, shi ya sa gasa irin ta Ingila ba ta sami gindin zama a can ba. Kamun hunturu bai kawar da wannan tambaya ba, amma ya rage mata nauyi. Ko da yake tafkunan haya suna da dokokin kare kifi, kamar hana ƙugiya mai ƙaya da iyakance abin da za a zuba a raga ɗaya, wanda ya kama kifi biyar ya saki kowanne nan take bai yi daidai da wanda ya tara kilo 50 a raga na tsawon sa'o'i ba.

Idon da Gulbi ke Buƙata

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ta wuce jin daɗin mutum ɗaya. Alƙaluman hukuma da aka fitar a 2020 sun nuna cewa kashi 14 cikin 100 ne kacal na kogunan Ingila ke cikin kyakkyawan yanayi ta fuskar halittun da ke rayuwa a cikinsu. Tsofaffin magudanan garuruwa da yawa suna haɗa ruwan sama da ƙazantar gidaje a bututu ɗaya, kuma idan aka yi ruwa mai yawa sai a saki abin da ya yi ambaliya kai tsaye cikin kogi ko teku. A 2023 kaɗai, jimillar lokacin da aka yi ana irin wannan saki ta kai sa'o'i miliyan 3.6, bisa ƙididdigar Hukumar Kula da Muhalli. Ga kuma taki da kashin dabbobi da ruwan sama ke wankowa daga gonaki. Watannin sanyi, da ƙasa ke jiƙe kuma ruwa ke yawan sauka, suna cikin lokutan da wannan ɓarna ta fi aukuwa.

To, wa ke bakin kogi a watan Janairu? Masu iyo sun ragu, masu yawon jirgin ruwa sun ɗaure jiragensu, ƴan gasa da yawa suna tafkin haya. Mai kamun hunturu shi ne ke zaune sa'o'i yana kallon ruwa ɗaya. Shi ne zai fara ganin kumfar da ba ta saba ba, ko toka-tokar da ta lulluɓe duwatsu a ƙasan wani bututu, ko matattun kifaye a lungu. Ruwa ba ya tsami banza, amma sai da wanda ya san ɗanɗanonsa na jiya kafin a gane ya yi tsami. A nan tsohon ɗan gasa ya fi kowa, domin yana riƙe da abin da turke kaza ke bayarwa shekara ashirin da suka wuce. Hasali ma masu bincike sun daɗe suna amfani da sakamakon gasanni wajen bin diddigin yawan kifi a manyan koguna. Da gasa ta ƙaura, wannan shaida ta yi ƙaranci, kuma littafin mai kamun hunturu na iya cike wani sashe na giɓin.

Wannan aiki yana da tarihi. A 1948 wani lauya mai suna John Eastwood ya kafa ƙungiyar masu fatsa da ke kai masu gurɓata ruwa kotu, kuma a 1952 ta yi nasara a wata shahararriyar shari'a kan Kogin Dawent da ke ratsa garin Dabi. Ƙungiyar tana nan har yau da sunan Fish Legal, tana aiki kafaɗa da kafaɗa da Angling Trust, wadda aka kafa a 2009. A 2022 Angling Trust ta fara wani shiri na raba wa masu fatsa kayan gwajin ruwa, suna auna sinadaran fosfet da naitiret a kogunansu suna aika sakamako. Irin wannan shiri ba ya tafiya sai da mutanen da ke zuwa kogi ko ana ruwa ko ana sanyi.

Kammalawa

Ba ina kira ga kowa ya bar gasa ba ne. Matashin da ke son koyon fatsa da sauri, gasa ce makarantar da ta fi dacewa da shi, kuma ƙungiyoyin da suka riƙe gasanninsu a koguna, har da na lokacin sanyi, sun cancanci yabo. Maganata ita ce a daina ɗaukar wanda ya fita daga layin ƙuri'a a matsayin wanda ya sauka daga daraja. Ya karɓo zaɓin wuri da na lokaci da na kifi, ya ɗauki alhakin kowace faɗuwa a kansa, ya kuma koma gaɓar da aka bari ba mai tsaro. Ranar 14 ga Maris, wadda ita ce ta ƙarshe kafin a rufe koguna na wata uku, ba za a kira sunansa a ba shi ambulan ba. Amma in aka tambaye shi inda roci ya yi hunturu bana, da ranar da ruwa ya sauya launi a ƙasan gada, da bututun da abin ya fito, yana da amsa a rubuce.